Tambari da allo don ƙaramin shagon kayan abinci a Tawa: ta ina zan fara?

Mai Shagon Yaji, Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ƙaramin shago a nan Tawa, a bakin kwalta, ƙofarsa tana kallon yamma. Ina sayar da yaji iri biyu, garin zogale, gabu, tigadege, man gyaɗa a kwalba, cuku idan ya samu, sai zoɓo da ruwan tsamiya masu sanyi. Har yanzu a farar leda nake ƙulla kaya, babu suna babu lambar waya. Mutum zai kai yajin Yamai tsaraba, a ji daɗinsa, a rasa inda za a ƙara samu. Yaran da ake aikowa kuma wani lokaci shagon kusa da ni suke faɗawa, don babu abin da ya bambanta ƙofofinmu.

Na ware jikka 150 don wannan aiki gaba ɗaya. An yi mini wani tambari a waya, akwai albasa, kwalbar mai, taswirar Nijar, zangarniyar hatsi biyu, da sunan Alheri a rubutu mai lanƙwasa, launi shida. A fuskar waya ya yi kyau, amma da aka buga shi a ƙaramar sitika sai ya cakuɗe, sunan ma ba ya karantuwa.

Abin da nake son sani: yaya ake zaɓen suna da hoton da za su zauna? Launi nawa ya kamata? Allon ƙarfe zan yi ko bash, wato tampol ɗin roba da ake buga talla a kai? Wace irin sitika ce take jure mai da sanyin firij? Kuma ko sai na yi wa sunan rajista? Allah ya saka da alheri.

Mai Zane, Yamai

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Abin da ya samu tambarin nan ba laifin injin bugu ba ne. An fara aikin daga babban waje, alhali daga ƙarami ake farawa. Tambarin shagon abinci yawancin rayuwarsa a kan murfin roba, hatimi da ƙaramin da'irar hoton WhatsApp yake yin ta. Idan ya fito sarai da baƙi zalla a faɗin santimita 2, to zai fito a allon mita 2. Akasin haka ba ya yiwuwa.

Amma kafin zane, suna. Alheri suna ne mai kyau, sai dai ki zaga kasuwar Tawa ki ƙirga shaguna nawa ne Alheri, Albarka, Nasara da Rahama. Yaron da aka ce wa "je Alheri" bai san wanne ba. Ki nemi sunan da bai wuce gaɓa uku ba, wanda Bahaushe, Buzu, Bafillatani da Bazabarme duk za su iya faɗa ba tare da harshe ya sarƙe ba, tunda kayanki suna zuwa Yamai. Sau da yawa sunan yana nan a bakin mutane tuni, wato yadda suke kwatanta shagonki in za su aiki yaro. Ki saurari wannan. Idan kin tara sunaye biyar, ki faɗa wa mutum goma ta waya, ba a rubuce ba, washegari ki tambaye su wanne suka riƙe. Wanda aka fi riƙewa shi ne naki, ko da ba shi kika fi so ba.

Abu ɗaya da nake roƙonki a kansa: kada sunan Allah, ko Bismillah, ko wata aya ta hau leda ko sitika. Ledar yaji ƙarshenta juji ne ko kwata. Idan kina son addu'a, ki rataye ta a cikin shago.

Hoto kuma, ɗaya tak. Da yawa daga masu saye ba sa karanta boko, wasu ajami suka iya, wasu ko ɗaya, don haka hoton shi ne sunanki na biyu. Gwajinsa shi ne a iya kiransa da kalma guda: "shagon mai turmi", "ledar mai barkono". Tambari kamar shaidar da ake yi wa raƙumi ne, layi biyu ko uku da mai shi zai gane daga nesa cikin garke. Taswirar Nijar, raƙumin dawa da kuros ɗin Agadas ko na Tawa duk an cika amfani da su, suna cewa "kayan Nijar ne" amma ba sa cewa "kayan wance ne". Albasa ma ban goyi bayanta ba a nan, tunda ba albasa ce babbar hajarki ba, kuma duk wanda ya ga albasa a kayan Tawa Galmi, garin albasa, zai tuna. Yaji ne ake kai wa tsaraba, to ki tsaya a kan yaji: turmi da taɓarya, ko barkono ɗaya mai kauri.

Yadda za ki yi aikin da mai zane. Ya fara da fensir a takarda, zane 15 ko 20 ƙanana, kowanne cikin akwatin santimita 3, baƙi da fari kawai. Ku zaɓi uku. Ya cike su da baƙar tawada, babu inuwa, babu launin da ke narkewa cikin wani. Kowane layi kada ya gaza rabin milimita a girman hatimi, kuma tsakanin layi da layi a bar sarari aƙalla haka, in ba haka ba tawada za ta cike wurin. A yi hoton takardar a injin kwafi, a sake kwafin kwafin sau biyu. Wanda ya tsira daga wannan shi ne mai ƙarfi. Sai a liƙa shi a bango, a ja da baya taku goma, a tambayi yaro da tsohuwa abin da suke gani. In suka ce "tukunya" alhali turmi ne, a koma kan fensir.

Launi biyu sun isa, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, sai farin takarda ya zama na uku kyauta. Ki ɗauki hoton zanen da waya ki mayar da shi baƙi da fari: idan launukan biyu suka koma toka iri ɗaya, ba su bambanta ba. Ja a kan tsanwa shi ya fi faɗawa wannan rami, kuma akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya rarrabe su sosai. Ki guji jar ƙofa da farin rubutu, don daga nesa za a ɗauka wurin sayar da katin Airtel ne. Ni da zan zaɓa miki, ruwan makuba mai duhu da ruwan madara zan ce, don ba su da yawa a titi.

Rubutu iri biyu kacal: mai kauri don suna, siriri miƙaƙƙe don bayani. Rubutu mai lanƙwasa irin na katin biki ya tsaya a katin biki. Idan sunan yana da ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, ki sa a buga haruffan a gabanki kafin a zaɓi salon rubutun, domin yawancin salo ba su da su, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko ta sa ɗan akwati a wurinsa. Noto Sans da Andika suna da su duka, kuma kyauta ne.

Ranar karɓar aiki, kada ki yarda da hoton da aka turo ta WhatsApp kawai. Hoton JPG ɗigo-ɗigo ne, in an ja shi ya girma sai gefensa ya tsattsage. Ki karɓi zanen vekta, wato SVG ko PDF da aka fitar daga manhajar zane irin Illustrator ko Inkscape, wanda layukansa lissafi ne, yana girma ba ya dushewa. A ba ki shi kala huɗu: mai launi, baƙi zalla, fari don bango mai duhu, da hoton kaɗai ba suna, wanda ya zauna a tsakiyar da'ira. Ki ajiye a kile (USB) da kuma imel. Rabin kuɗi a farko, rabi bayan kin buɗe fayilolin da idonki, kuma ku rubuta a takarda cewa gyara sau biyu yana cikin kuɗin, zanen kuma ya zama mallakarki.

Dattijo Mai Fenti, Tawa

Ƴata, Malam mai zane ya faɗi gaskiya a kan komai, sai dai launi. Ruwan makuba yana da kyau a takarda, amma ba ya cikin launukan da aka saba samu a gwangwani a nan, sai an haɗa ja da shuɗi da ido. Yau a haɗa ya fito haka, baɗi in za a sabunta ya fito daban. Kuma jan da ke ciki shi rana take fara cinyewa, sai allon ya koma wani shuɗi-shuɗi mai toka. Ƙofarki yamma take kallo, rana tana dukanta tun daga azahar har faɗuwarta, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40. Ki zaɓi launin da ke fitowa kai tsaye daga gwangwani: shuɗi mai duhu, tsanwa mai duhu, ruwan ƙasa ko baƙi. Ja ya tsaya a ƙaramin wuri, kamar barkonon da ke cikin tambarin, inda goga ɗaya za ta sabunta shi.

Bayan allon kada ya zama fari fat. Ƙurar hunturu tana mayar da fari ja-ja cikin mako biyu, ya yi kama da datti, kuma datti a allon mai abinci ba ƙaramar illa ba ce. Ruwan madara ko ruwan ɗorawa mai haske suna ɓoye ƙura.

Girman harafi lissafi gare shi. Kowane mita 3 na nisa yana son santimita 2 da rabi na tsawon harafi, in ana son a karanta ba tare da an ƙura ido ba. Mai kabu-kabu da ke tahowa a kwalta yana buƙatar ya gani daga mita 30, wato harafi mai santimita 25. Harafi mai kauri na wannan tsawo yana cin kusan santimita 17 a faɗi har da tazara. Allon mita 2, in aka cire santimita 10 a kowane gefe, aka ba hoton santimita 50, abin da ya rage bai wuce wurin harafi bakwai ba. Kin ga dalilin gajeren suna. A ƙasan sunan layi ɗaya na abin da kike sayarwa, harafi santimita 8, kalma uku ko huɗu. Lambar waya a raba ta biyu-biyu, gida huɗu. Kada ki jera duk kayan shagon a allo, babu mai tsayawa ya karanta.

Tsakanin bash da ƙarfe: bash ya fi araha kuma yana ɗaukar hoto, amma a rana irin tamu launinsa yana kwaɗewa da wuri, iskar farkon damina kuma tana yage shi daga wajen ramukan ɗauri. Ya dace da talla ta wata ɗaya, kamar ta azumi. Allo na dindindin ƙarfe ne, da firam na bututu mai kusurwa huɗu da sanda ɗaya a tsakiya don kada ya riƙa kaɗawa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne shafin farko. Baƙin ƙarfe: a goge tsatsa da takardar yashi, a share maiƙo, a shafa maganin tsatsa, ya kwana. Farin kwano mai zinki kuwa, in aka shafa masa fentin mai kai tsaye, fentin yana saɓulewa fale-fale bayan ƴan watanni, domin man fentin da zinkin ba sa jituwa. Sai an wanke shi, an ɗan karce fuskarsa, an sa shafin farko da aka yi musamman don kwano. Daga nan shafi biyu marasa kauri, kwana ɗaya tsakaninsu. Shafi ɗaya mai kauri yana bushewa a sama ya bar ciki ɗanye, sai ya yamutse. A yi aikin a inuwa da safe, ba ranar da iska ke ɗauke da ƙura ba. In a bangon siminti za a rubuta, sabon shafe ya yi mako huɗu tukuna.

Kada kuma ki nuna wa mai fenti waya ki ce "yi mini irin wannan", zai zana nasa turmin ne. A buga miki allon a takarda santimita 20 da 8, a ja masa layuka gida-gida na santimita 1. A kan allon mita 2 da santimita 80 sai a ja gidaje na santimita 10 da alli, a kwashe zanen gida bayan gida. Ƙofar shagon ma a shafa mata launin nan mai duhu, shi yaro zai fara gani. Ki rubuta sunan kamfanin fentin da lambar gwangwanin ki ajiye. Kafin a kafa ƙafafun allo a bakin hanya, ki leƙa ma'aikatar magajin gari ki ji ƙa'idarsu.

Mai Shagon Yaji, Tawa

Na gode Malam, na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na karkata ga turmi da taɓarya, shuɗi mai duhu a kan ruwan madara, da ɗan jan barkono a bakin turmin. Saura maganar sitika, don ita ta fi damuna. Kayana kala takwas ne, wasu a leda, wasu a roba, wasu a kwalba. In kowanne sai an buga masa tasa, kuɗin ba zai kai ba.

Hajiya Mai Maɗaba'a, Yamai

Ƙanwata, ba sai kin buga takwas ba. Ki buga sitika iri biyu kawai. Ta farko zagayayya, santimita 5, tambari da suna da lambar waya, tana hawa kan komai: murfi, leda, kwali. Ta biyu mai kusurwa huɗu, santimita 9 da 6, tambari a sama, ƙasa kuma farin fili mai layuka: sunan kaya, abin da ke ciki, nauyi, ranar haɗawa, ranar da ya kamata a ƙare amfani da shi. Sunan kayan ki sa a yanka miki ƙananan hatimi na roba guda takwas, ranaku kuma hatimin kwanan wata mai juyawa. Duk kayan da ya fi tafiya, in an ga hannunsa bayan wata shida, sai a buga masa tasa shi kaɗai.

A takardar A4, zagayayyar tana fitowa 15, mai kusurwar 8, in an bar milimita 3 na rarar launi a kowane gefe. Wannan rarar dole ce: wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kan layi kowane lokaci, in launin ya tsaya cak a bakin layi sai farin zare ya fito a gefe ɗaya. Rubutu kuma ya nisanci bakin yanka da milimita 3 ta ciki. Kada girman ƙaramin rubutu ya gaza lamba 6 a ma'aunin rubutu na kwamfuta, kuma ya zama baƙi zalla. In aka haɗa shi da tawada huɗu, da zarar injin ya ɗan goce sai harafin ya yi inuwa. Farin rubutu siriri a kan shuɗi ma yana cikewa, a ƙara masa kauri.

Shuɗin da kika gani a waya ba shi za ki gani a takarda ba. Waya da haske take haɗa launi, inji kuma da tawada huɗu, abin da muke kira CMJN, kuma shuɗi mai ƙyalli yana daga cikin waɗanda suka fi sauyawa, yakan karkata zuwa makuba in jan tawadar ya yi yawa. Mai zanen ya ba ki lambobin launin a CMJN a rubuce. Ki biya kuɗin takarda ɗaya ta gwaji, ki fita da ita waje ki duba a hasken rana kusa da gwangwanin fentin Baba, ki sa hannu a bayanta, a buga sauran a kanta. Fayil kuma a turo shi a matsayin takarda, ba hoto ba, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. A mayar da rubutun zane kafin a turo, don kada kwamfutarmu ta sauya salon ta cinye miki ƙugiyar ƙ da ɗ.

Yanzu jikin sitikar. Ta takarda ta isa ga yaji, gabu da garin zogale, tunda busassu ne. Ga man gyaɗa da tigadege ba ta yi ba: ɗigo ɗaya na mai yana ratsa takarda ya bar tabo, ya kuma kashe gam ɗin. Nan sai ta roba, ko ta takarda da aka lulluɓe da siririyar leda. Zoɓo da tsamiya ma ta roba, don kwalba tana zufa in ta fito daga firij, tawadar ƙaramin injin gida kuwa da ruwa ake haɗa ta, sai ta zube a hannun mai saye. A liƙa sitika kwalba tana bushe, kafin ta shiga sanyi, a bar gam ya kama na ƴan awoyi. Kwalbar mai a goge ta da alkol tukuna. Ki sani tawadar hatimi ta ofis ba ta bushewa a kan sitikar roba, don haka a waɗannan ki rubuta rana da alƙalamin da ba ya gogewa. Takardar rasit mai aiki da zafi kada ki kusance ta, a shago mai kallon yamma baƙi take yi ko rubutun ya ɓace.

Kafin a yanke girman, ki auna kwalbar da zare. Abin da ido ke iya karantawa sarai daga gaba bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na zagayenta ba, to suna da hoto su zauna a nan. Robar da ta fi faɗi a sama tana sa sitika mai kusurwa ta tattare, ita a sa mata zagayayya a murfi.

Wani abu da ba na tambari ba amma yana taɓa sunanki: haske yana kashe tsanwar garin zogale da jan yaji. Leda mai nuna ciki gaba ɗaya tana da kyau a satin farko, bayan haka kayan ya yi fari-fari, mai saye ya ce tsoho ne. Jakar takarda mai ruwan ƙasa, mai rufin leda ta ciki da ƴar taga, ta fi, kuma hatimi yana hawa kanta kai tsaye, kin huta da sitika. Dama tun 2014 akwai dokar da ta hana siririyar leda a ƙasar nan. Yajin da ke da ƙuli a ciki ki rubuta "akwai gyaɗa" a fili, saboda masu rashin jituwa da ita.

A jikka 150 ɗinki, ni zan ba allo da fentin ƙofa kaso mafi girma, mai zane ya biyo, sitika da hatimi su zo na uku, a bar wani abu a hannu. Kada ki buga sitika dubbai don an ce ta fi araha. Gam yana bushewa a zafi, kuma a bugun farko kusan kullum akwai abin da za a so gyarawa. Ɗari biyu ko uku na kowace sun isa farawa.

Ɗan'uwa Mai Harkar Takardu, Yamai

Hajiya, a kan rajista akwai abu biyu da ake haɗawa alhali daban suke. Rajistar kasuwanci da lambar haraji, waɗanda ake yi ta Maison de l'Entreprise, suna nuna cewa kasuwancinki yana bisa doka. Ba su hana wani ya ɗauki tambarinki ya liƙa a yajinsa ba. Kariyar tambari tana hannun OAPI, hukumar da ke Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Ƙasashe 17 ne a ciki har da Nijar, rajista ɗaya tana aiki a dukansu, shekara 10, ana sabuntawa. Ba sai kin je Kamaru ba, tana da ofishin haɗin gwiwa a Yamai da ke karɓar takardu. Najeriya ba ta ciki, don haka in kayanki suka fara tsallaka iyaka ta Ƙonni da yawa, can sai an yi tasu daban.

A tsarin OAPI wanda ya riga kai takarda shi ke da tambari, ba wanda ya riga amfani da shi ba. Ana kuma yin rajista bisa rukunin kaya, rukuni 45 ne duka. Yaji yana rukuni na 30, mai da cuku da tigadege na 29, zoɓo na 32, hidimar sayarwa a shago na 35. Kuɗin rajistar tambari ya fi duk abin da kika ware, saboda haka ba aikin bana ba ne. Amma OAPI tana yin rajistar sunan kasuwanci shi kaɗai, kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta, ki tambaye su wannan. Abin da za ki yi yanzu shi ne ki zaɓi sunan da zai yiwu a yi masa rajista gobe. Sunan da bayanin kaya ne zalla, irin "Yaji Mai Daɗi", ba a ba mutum ɗaya shi, don kowane mai yaji yana da haƙƙin faɗin haka. Tuta da hatimin ƙasa ba sa shiga tambari. Albasar Galmi da kilishin Nijar kuma sunaye ne da aka yi wa rajistar asalin wuri a OAPI, suna da ƙa'idojin amfani, kada ki sa Galmi a ledar gabu sai kin cika su.

Ki tambayi mai zanen a fili daga ina turmin ya fito. In daga cikin hotunan manhajar zane ta Canva ya ɗauko, ƙa'idarsu ba ta yarda a yi rajistar tambari da hotunan ɗakin ajiyarsu ba, kuma kowa yana iya ɗaukar irinsa. Ki saka zanen a Google Lens, manhajar neman hoto, ki ga ko yana wani wuri. Takardar da Malam ya ce ku rubuta, ta ƙunshi kwanan wata da sa hannun ku biyu da shaida ɗaya, a liƙa hoton zanen a jikinta. In kina son shiga manyan kantunan Yamai nan gaba, za su nemi shaidar ingancin kaya, hukumar ANMC ce ke kula da wannan ɓangare.

Mai Zane, Yamai

Baba ya fi ni gaskiya a kan makuba, shuɗin ya fi dacewa da ƙofar yamma. Sai dai Hajiya, jan barkonon nan ya mayar da launukanki uku. A sitika ba matsala, amma in za a buga riga ko buhu da siliki, wato bugun da ake tura tawada ta firam mai raga, kowane launi firam ɗinsa daban da kuɗinsa daban, hatimi kuma launi ɗaya kawai yake fitarwa. Ki sa mai zanen ya raba barkonon da bakin turmin da farin layi mai kaurin milimita 1 a girman santimita 4, yadda ko da baƙi ɗaya aka buga za a gane barkono ne. Taɓaryar kuma ta karkata, kada ta tsaya a miƙe, kuma kada ta wuce tsawon turmin da yawa, don da'irar WhatsApp tana yanke kusurwoyi, kan taɓaryar ne zai fara tafiya. In ya turo zane ukun farko, ki saka su nan a baƙi da fari mu duba kafin a yanka hatimi.